Shafin da Rahmatu Ta Gina wa Babanta

Rahmatu 'yar Malam Isma'ila na Rigachikun ƙawata ce tun muna firamare, kuma tun a lokacin ba a kayar da ita a gardama. Ta karanta ilimin kwamfuta, ta samu aiki a wata ma'aikata a Unguwar Sarki, inda take gina shafukan intanet. Duk wanda wayarsa ta rikice a layinsu, gidansu yake nufa.

Da tsufa ya kama Malam, sai ta ce za ta tattara amsoshin da ya shekara talatin yana ba masu tambaya, ta zuba su a shafi guda. Ta zauna gabansa ta yi masa bayani. Shafi iri biyu ne, in ji ta. Akwai kafaffe, wanda abin da aka rubuta yake zama yadda yake, sai maginin ya buɗe shi da hannunsa. Akwai kuma mai sauyawa, wanda duk mai lambar sirri zai shiga ya ƙara ko ya gyara daga wayarsa.

Malam ya ce, "Yi mini kafaffen. Maganata ba rubutun allo ba ce da za a wanke gobe."

"Haba Baba, wannan ai tsohon yayi ne. Kullum sai an jira ni na taso daga ofis? Ga Yaya Abdurrahim, shi zai riƙa saka sababbin karatu."

Abdurrahim babban ɗalibin Malam ne, a gidan ya tashi, kwano ɗaya suka ci da yayyenta. Ta yi ta naci har Malam ya gaji ya ce ta yi yadda ta gani. Ta gina mai sauyawa, ta damƙa wa Abdurrahim lambar. Ko hanyar adana tsohon rubutu ba ta saka ba, don a ganinta a gida ake.

Malam ya rasu bayan shekara biyu. Ba a yi wata uku ba Abdurrahim ya ce a rufe ajin matan aure da Inna Hansai, mahaifiyar Rahmatu, take koyarwa a soron gidan tun kafin a haife mu. Ya ce umarnin Malam ne, yana nan a shafi.

Rahmatu ta buɗe amsa ta arba'in da bakwai. Ita ta buga ta da yatsunta, Malam yana faɗa tana rubutawa: ajin mata ya ci gaba ko bayan ransa. Yanzu an rubuta a dakatar da shi bayan ransa. Kalmomi kaɗan aka taɓa, kwanan watan ma yana nan yadda yake. Ta yi ƙoƙarin shiga ta gyara, ta tarar an cire sunanta daga masu izini.

Ina wurin ranar da ta tare Abdurrahim a ƙofar gida.

"Yaya, kai ka san ba haka Baba ya ce ba."

Ko ido bai ɗaga ba. "Ƙanwata, baƙin ciki ne yake sa ki mantuwa. Allah ya ba mu haƙuri."

Wallahi da ni ce da sai an riƙe ni. Ita kuwa ta haɗiye, ta kai ƙara gaban dattawan makarantar Malam, tana rantsuwa da abin da kunnenta ya ji. Inna Hansai tana daga bayan labule tana saurare. Babban dattawan ya sa tabarau, ya karanta amsar a waya har sau biyu, sannan ya dubi Rahmatu da tausayi.

"'Yata, mu ba mu san kan waɗannan abubuwa ba. Amma ke kika gina shafin nan, kuma mun san ba kya ƙarya. Abin da ke ciki shi za mu bi."

Ranar Asabar matan suka zo da littattafansu, Rahmatu ce ta fita ta gaya musu su koma gida.