Jirgin Karan Kakana

Har yau in na ji ƙaurin kara yana cin wuta, sai in gan ni a bakin tafkin unguwarmu a Matameye, ina 'yar shekara tara, da ashana ƙulle a bakin zane.

Kakana ya daɗe yana cin rani a Ikko, yana gadi a gidan wani Bature. A falon akwai hoton jiragen yaƙin Ingila suna ɓarin wuta a bakin teku, na sama da shekara ɗari biyu, tun iska ce ke tura jirgi. Ya kalle shi har ya haddace. Da ya dawo, sai ya riƙa ƙera su da kara, ƙyalle na kama iska, ƙaya a matsayin igwa. Ya nuna mini siririn da ake aikawa leƙen asiri, da ƙarami mai sandar ɗaura ƙyalle guda ɗaya da ke kutsawa inda ruwa ba zurfi. Babban kuwa, mai sanda uku da igwa hawa biyu, wata biyu ya yi yana haɗa shi, ido na ruwa don tsufa.

Sai ɗan wani Alhaji maƙwabcinmu ya ɗauke babban daga zaure. Kaka ya dogara sanda ya je roƙo, ina biye da shi. Alhajin ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Haba tsoho! Sa'o'inka sun dawo da keke da rediyo, kai ka dawo da kara, har kana biyo sawunsa?" Aka kwashe da dariya. Wallahi ko yanzu ka tambaye ni, zan faɗa maka duk bakin da ya yi dariyar nan.

Kwana uku Kaka bai leƙa waje ba. Na tambaye shi yadda ake kayar da babban jirgi. "Amaryata," in ji shi, don haka yake tsokanata, "ƙarami ake cikawa da wuta, a jira iska, a sake shi." Shi a zatonsa hira muke.

Na haɗa nawa, karkatacce, na cusa masa auduga da kananzir ɗin fitilar Inna. Ranar da yaron ya sa jirgin a tafki yana taƙama, na zagaya ta inda iskar damina ke tasowa, na ƙyasta, na tura. Kai! Yana taɓa babban, nan take ƙyallayensa suka kama. Yaron na ihu yana watsa ruwa, ni ina tsalle ina cewa, "Ka kai wa ubanka tokar!"

Na ruga gida da albishir. Kaka ya dube ni ya ce, "Da kin bar shi. Ko a hannun ɓarawo, ai yana kan ruwa. Idona ba zai bar ni in ƙara wani ba." Bai kuwa ƙara ba. Kafin a yanke gero ya rasu.

Yanzu an cike tafkin an gina shaguna, wasan yara ya koma cikin waya. Yaron nan shi ma ya zama Alhaji, in mun haɗu a biki har rusunawa yake, "Hajiya, ina wuni." Nakan amsa. An ce Kaka ya yafe musu kafin ya cika, to, nasa ya yafe. Ni da suka sa na ƙona aikin kakana da hannuna, tsakanina da su sai gaban Allah.