Juma'ar da Furun Ya Ƙi Riƙe Wuta

Akwai ranakun da mutum kan manta tun wata bai ƙare ba, amma Juma'ar da furun ɗina ya ƙi riƙe wuta ba ta cikinsu. Ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, har da warin tafarnuwar da ke hannuna.

Lokacin muna zaune a wani bene a unguwar Uhudu a Madina, hawa na biyu. Ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, maigidana kuma likita ne, a wannan makon aiki ya riƙe shi a garin Badr. Mahaifiyata ta zo Umra tare da ƙawayenta na Islamiyya, sun gama da Makka sun iso Madina. Shekara huɗu rabon da ta ci abincin hannuna, kuma kullum a waya sai ta tsokane ni: "Ke da kika zama Balarabiya, ai na ji komai a leda kuke sayowa." Maganar nan ta daɗe tana cina. Saboda haka na gayyace su gaba ɗaya, mata goma sha huɗu, su zo cin abinci da zarar sun taso daga Juma'a a Harami.

Murnar da nake ciki ba ta faɗuwa. Tun Alhamis na jiƙa cinyoyin rago biyu da kaji cikin tafarnuwa da citta da yajin da na ɓoye tun zuwana na ƙarshe gida. Da safe na ɗora miyar taushe a sama, na jera tirarruka, ina 'yan waƙe-waƙena ni kaɗai kamar amarya. Murhun nawa irin babban nan ne na gas, mai kawuna biyar a sama da wurin gashi a ƙasa, wanda a nan kowa ke ce wa furun. Na durƙusa, na danna maɓallin, na murɗa, wuta ta kama shuɗiya. Ina sakin hannu ta mutu. Na sake. Ta kama, na saki, ta mutu. Sau bakwai ko takwas haka.

Na kira mai gyaran da muka sani, ya ce, "Yau Juma'a ce ya Daktora, sai bayan La'asar in sha Allahu." Na kira wani, wayarsa a rufe. Na kira maigidana, ya yi dariya ya ce in aika a sayo mandi, shinkafa da naman nan ta Larabawa, babu wanda zai gane. Babu wanda zai gane? Bai san Inna ba ke nan. Da loma ɗaya za ta ɗago ta dube ni, kuma har a koma gida labarin zai riga ta sauka.

Nan dabara ta faɗo mini. Tunda wutar tana ci muddin hannuna na kan maɓallin, ai abin da ake bukata kawai mai dannawa. Na ɗauko muciya, na tokare kanta a maɓallin, gindinta a ƙafar teburin da na jawo. Wuta ta zauna daram! Na zura naman, na rufe ƙofar, na yi tsalle na tafa hannu ni kaɗai a kicin. Yau in na tuna wannan tsallen sai jikina ya yi sanyi, amma a ranar ji nake duk Madina babu mai wayona.

Ana haka maƙwabciyata ta shigo taya ni aiki. Dattijuwa ce Bahaushiyar Sudan, ƙofarsu na kallon tamu, kowa a benen Hajja yake ce mata. Mijinta ya yi shekaru masu yawa yana gyaran tanderun gidajen burodi da murhunan gas, har ciwon suga ya tafi da idanunsa. Tun daga nan ya rufe kansa. In ba masallaci ba, ba ya fita, kuma ko na je duba masa magungunansa, gaisuwa ce kawai sai shiru. Hajja ta ga muciyata a tokare, ta riƙe ciki tana dariya, ta ce, "Wallahi sai na gaya wa Hajji wannan." Ta fita, ƙofofin duka biyu a buɗe.

Ban ƙirga goma ba na ji wata murya da ban taɓa sanin dattijon nan yana da ita ba.

"Kashe! Ya bitti, 'yata, kashe shi yanzu!"

Sai ga shi yana lalube bango, takalmi ƙafa ɗaya, Hajja na biye da shi tana cewa ya yi a hankali. Yana isa ƙofar kicin ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya ce, "Rufe tukunyar gas. Buɗe taga. Kada ki taɓa makunnin lantarki, ko na fanka." Na cire muciyar, na rufe tukunyar, na buɗe taga, na fito da naman. Ni ban ji warin komai ba sai na tafarnuwa, na kuwa faɗa masa haka. Ya ce, "Ke tafarnuwa kike ji, ni gas nake ji. Yana fita a bayan furun ɗin nan."

Da iska ta ɗan zaga, na jawo masa kujera. Ya zauna ya yi mini bayani, yana haɗa Hausa da Larabci kamar yadda suke yi. A bayan maɓallin nan akwai bawul, shi yana ce masa balf. Kusa da wutar kuma akwai wani ɗan ƙarfe siriri kamar tsinke, sunansa hassas. In ya ji zafi, shi ke gaya wa bawul wuta na ci, ya bar gas ya wuce. In wuta ta mutu ya huce, bawul ya rufe. "Mai gadi ne," in ji shi. "Ke kuma kin ɗaure mai gadi da muciya. Da wutar ta mutu a ciki, gas zai ta zuba, ƙofa a rufe, miya na tafasa a sama. Halas, shi ke nan. Ba ke kaɗai ba, har mu."

Na zauna a ƙasa. Sai na ji bakina ya ce, "To Baba, shi ke nan, bari in aika a sayo abinci."

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Goma saura."

Ya murza yatsunsa a kan gwiwa. Can ya juya wajen da yake jin numfashin matarsa ya ce, "Ya Hajja, akwatina." Hajja ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta ji ba. Daga baya ta gaya mini shekara uku ke nan ya hana a ko ambaci akwatin nan. Ta tafi da sauri ta ciccibo shi daga ƙarƙashin gado, duk ƙura. Ya buɗe, ya bi kayan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya zaro sifana biyu da sukudireba ba tare da ya yi kuskure ba. Ya ce, "Ya bitti, yau ke ce idona. Abin da kika gani ki faɗa, abin da ba ki gani ba kada ki ƙara. Yalla."

Wallahi daga nan tsoro ya gudu, wani irin zumuɗi ya kama ni. Muka ja furun ɗin daga bango ni da Hajja. Ya sa na kaɗa sabulun wanke-wanke a kofi har ya yi kumfa, na kashe kawunan sama duka, sannan na buɗe tukunyar kaɗan na shafa kumfar a kan ta. Ba komai. Na bi tiyon da soso tun daga farko har ƙarshe. Ba komai. Ina kaiwa inda tiyon ya haɗu da bututun furun, sai kumfar ta fara kumbura, ƙwai-ƙwai suna tashi suna fashewa. Na yi ihu, "Ga shi! Baba ga shi nan, yana hura balan-balan!" Ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce in sake rufe tukunyar, sannan ya tambaye ni, "Me kika yi wa furun ɗin nan kwanan nan?" Na ce babu. Ya ce, "Tuna dai." Sai na tuna: ranar Laraba, cikin ɗokin zuwan Inna, na fizgo shi ni kaɗai na wanke bayansa, na mai da shi da ƙarfi har ya bugi bango. Ya ce, "Tamam. Ba tsufa ya yi ba, duka ya sha."

Na kwance mahaɗin kamar yadda ya nuna mini, na miƙa masa 'yar robar da ke ciki. Ya shafa ta ya ce ta tsage. Ya lalubo wani tsohon gwangwanin alewa a akwatin, ya yi ta gwada robobi da yatsa har ya sami daidai ita. Na sa, na ɗaure, muka sake shafa kumfa. Shiru. Hajja ta ce masha Allah, ni kuwa har na fara mai da tirarruka. Ya ce, "Shuwayya shuwayya, a hankali. Wannan yoyo muka toshe. Ciwon da ya sa kika ɗauko muciya yana nan."

Ya ba ni guntun sanfefa, na cusa kai cikin furun ina goge bakin hassas ɗin har ya yi haske. Na danna, na kunna, na saki. Ta mutu. Ya ce in duba ko harshen wutar yana taɓa tsinken. Na ce yana wucewa ta gefensa. Na ɗan tura shi da yatsa, na sake gwadawa. Ta daɗe kamar za ta zauna, sannan ta mutu. Na dubi agogo, sha ɗaya ta gota. A titi har an fara jin motocin masu sammakon zuwa Harami. Na ce, "Baba, ko bawul ɗin ne ya mutu gaba ɗaya?"

Ya ce, "Mai yiwuwa. In shi ne, yau babu gashi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma saura wuri ɗaya. Kai hannuna."

Muka cire maɓallan, muka kwance farantin gaban. Dattijon nan ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan tayil, na kama hannunsa na ɗora a kan siririyar wayar jan ƙarfe da ta taso daga hassas. Ya bi ta da yatsa a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu daga nesa, har ya kai bayan bawul. Sai ya yi dariya. "Taɓa nan." Na taɓa. Wani ɗan noti ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana juyawa da yatsa kawai. Ya ce, "Saƙon yana tasowa, amma ba ya isa. Ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan ki ƙara masa kaɗan da sifana. Kaɗan fa, ba rijiya kike haƙa ba."

Na ɗaure. Muka mai da komai, muka sake bin ko'ina da kumfa. Ya ce in danna in kunna, kada in saki sai ya ce. Yana salati a hankali. Can ya ce, "Saki."

Na saki. Wuta na nan. Shuɗiya, a jere, tana ci abinta.

Ban san lokacin da na miƙe ina tsalle ba. Hajja ta rangaɗa guɗa irin tasu ta Sudan har wata maƙwabciya ta leƙo daga sama tana tambaya ko haihuwa aka yi. Shi kuwa Baba ya matso kusa. Ya miƙa tafin hannunsa bakin furun yana jin ɗumin, hawaye na bin gemunsa. Sai da ya sa na hure wutar da gangan, muka jira har muka ji bawul ya yi ƙas ya rufe da kansa, sannan ya yarda aikin ya yi. Ya ce wa Hajja ta fito masa da farar jallabiyarsa, kada ya rasa huɗuba.

Abinci bai sauka ba sai gab da La'asar. Su Inna sun iso sun tarar da ni da baƙin mai har goshi, suka zauna suna shan shayi da dabino suna yi mini tsiya. Da naman ya fito, falon ya yi tsit sai ƙarar cokula. Inna ta ci, ta ƙara, ta ce yaji ya ɗan yi yawa, wanda a bakinta wannan babban yabo ne. Kafin kowa ya taɓa, na yanki wuri mafi laushi na kai ƙofar da ke kallon tamu.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Labari ya zaga benen, ya tsallaka maƙwabta. Da sanyi ya shigo, mutane suka fara kawo masa na'urar ɗumama ɗaki da murhunan da suka ƙi ci. Yakan zauna a ƙofar gida da hantsi, akwatinsa a gefe, mai kaya ya zama idonsa, shi yana ba da umarni yana faɗa in an yi gaggawa. Har muka bar unguwar haka na bar shi.

Ranar ta koya mini abu biyu. In abu ya ƙi yi, akwai dalilin ƙinsa, kuma neman dalilin ya fi tokare shi da ƙarfi, ko murhu ne ko mutum. Na biyun ya fi zauna mini a rai. Shekara biyu ina shiga gidan dattijon nan ina tambayarsa me yake bukata, ban taɓa tambayarsa me ya iya ba. Yanzu duk tsohon da ya zo karɓar magani a gabana, kafin in miƙa masa ledar, sai na ce, "Baba, a da wace sana'a kuke yi?" Ku gwada ku gani, yadda yake gyara zama kafin ya ba ku amsa.