Ciwon Marar da Maganin Sanyi Ya Kasa

Har yau ban manta da ranar kasuwar da Binta ta dawo ƙaramin asibitinmu na ƙasar Kibiya ba. Lokacin ni ce ungozoma mai kula da ɗakin mata. Binta matar aure ce daga Durba, mijinta direban babbar mota, yakan yi watanni a kudu. Ta sha zuwa da ciwon mara, ana ba ta maganin sanyi, ta tafi ta dawo. A ƙa'idarmu, idan magani ya ƙi ci, ba a sake bayar da shi sai an sake tambayar mara lafiya tun daga tushe.

Na roƙi ƙanwar mijinta da ta rako ta ta jira a waje, na rufe ƙofa.

Na ce, "Binta, yaushe ciwon yake tasowa?"

Ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin hijabi. Na ce mata yau ba za ta fita da ƙwaya ko ɗaya ba sai na san abin da nake yi wa magani, kuma maganar ba za ta wuce ɗakin nan ba.

Can ta ce, "Anti, sai na zo gamsuwa. Sai in ji kamar an ɗaure min mara da igiya."

Da ƙyar ta ƙarasa. Wata mai kayan mata ce ta sayar mata da wani abin roba na biyan buƙata ta waya, Binta ta yi amfani da shi lokacin da maigidan ba ya nan. Tun daga nan ciwon ya fara. Da ya dawo sai ta riƙa guje masa, har ya fara zargin ta daina sonsa.

Ta ce, "Na san hukunci ne. Ƙila ma ba zan ƙara haihuwa ba."

Na ce, "Wancan tsakaninki da Ubangijinki ne. Ni ciwon ne aikina."

Da na duba, na ga ɗan rauni a ciki da alamar ƙwayoyin cuta sun hau sama, ga zazzaɓi. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai babban asibiti a Rano inda ake hoton ciki. Ta ce ko za ta mutu ba za ta maimaita wa likita namiji wannan magana ba. Na samu shugaban asibitinmu na nemi ya sauya min ranar hutu. Ya ce, "Hajiya, rakiya ba ta cikin aikinki." Na ce a bana ta shiga.

Na raka ta Rano, da yardarta ni na yi wa likita bayani, ita tana zaune. Aka ba ta allurai da ƙwayoyi, aka ce ta huta da kwanciyar aure har ta warke, abin robar kuma ta rabu da shi. Ta warke sarai, suka daidaita da mijinta.

Ku da kuke tasowa a aikin nan, ku sani mace takan ɓoye rabin ciwonta har sai ta ga fuskar da za ta karɓe shi. Bayan girbi Binta ta shigo da wata ƙawarta, ta zaunar da ita gabana, ta ce, "Faɗa mata komai. Ba ta zagi."