Ranar da Gwaggo Saratu Ta Ɓata Kiɗa

Wata Alhamis ce a farkon kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gidanmu a Jibiya cike da mata. Zumuntar matan cocinmu ce kaf, sun baje tabarmi tun daga turmi har gindin rumbu, wasu da caki a hannu, wasu da goyo a baya, awakinmu sun rasa wurin kwanciya. Inna kuwa tana can wajen randa tana wanke-wanke, ta ba su baya kamar ba ta san da zuwansu ba.

Kafin wannan shekarar Inna ce mai ba da waƙa, sauran mata su amsa. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, direbobin manyan motocin da ke jira a bakin iyaka har rage rediyo suke yi. Sai ciwon maƙogwaro ya kama ta, aka yi mata aiki a Katsina, ta dawo da ranta amma babu murya, sai raɗa. Tun daga nan ta daina zuwa sujada. Takan yi mana wanka, ta shafa mana mai, ta raka mu zaure, ta koma. Na taɓa jin ta raɗa wa Baba, "Mi zan kai ma Ubangiji, tunda ya amshe abin da nike kai mashi?" Maganar nan ta ba ni tsoro ƙwarai, don na ɗauka Inna da Allah sun ɓata ke nan har abada.

Wadda ta kwaso matan ita ce Gwaggo Saratu, tsohuwar da ke ƙetaro iyaka daga wajen Maraɗi a bayan kabu-kabu duk mako. Wai cocin ya yi zafi, gara a koyi waƙa a gidanmu. Ita ce mai tulu, wanda ake buga bakinsa da guntun soson katifa, kuma shi ke riƙe da waƙar duka. Ana farawa kiɗa ya karkace. Nan ta riga masu amshi, can ta makara, masu caki suka rikice, ni kuwa ina bayan turmi ina ƙunshe dariya. Inna ta juyo ta harari Gwaggo, ta shiga ƙwanƙwasa gindin kwano daidai yadda ya kamata. Gwaggo ta ƙara kwaɓa shi. Abin ya ishi Inna, ta miƙe da kumfa a hannu, ta goge a zane, ta zo ta janye tulun.

"Ungo, Hannatu," in ji Gwaggo, "tsuhwa ta kama mani hannu."

Inna ta zauna ta rungume tulun, ta buga, mata suka ɗauka, waƙar ta miƙe. Hawaye na zuba mata har haɓa, amma hannunta bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ranar Lahadi ta riga mu ɗaura zane. Gwaggo ta koma cikin masu tafi, ba ta sake taɓa tulu ba.

Sai da na yi wayo na tsokane ta da zancen ranar. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke ɗiyar ga, tun ba a haihi uwarki ba nike bugun tulu. Kin taɓa jin na kuskure kahin ranar?"

Yau su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Cocin ya samu piyano da ganguna da manyan lasifika, matasa suna kiɗa tsaf, babu mai riga wani, babu mai makara. Ina jin daɗinsa, ina tafi tare da kowa. Amma har gobe ban ji yabon da ya kai kiɗan nan da aka ɓata saboda Inna ba.