Ƙullin da Dada Take Ɗaurawa a Ƙugu

A gidanmu na Mayo Gwoi, tatsuniyar da ta fi daɗi ita ce ta jajibirin tafiya. Bayan magariba Dada, kakata ta wajen uwa, za ta hura wuta ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Takan soya gyaɗa ba gishiri, ta daka gumba, ta cire ƙwallayen dabino don kada su shaƙe ƙanana. Alewa da cincin ba sa shiga guzurinta. Cewa take ƙishirwa kawai suke tayarwa, a mota kuwa ruwan sha ba ya isa.

Idan na miƙa hannu cikin kasko sai ta buge shi da ludayi. "Kai maigida, tun ba a tashi ba za ka cinye hanya? Miji mai kwaɗayi, gobe zan sake ka."

Sannan ta ce mu matso, ga wata tatsuniya ta iso.

Wata mata ce fari ya kore ta daga garinsu. Ta ɗora duk abincinta a kan jaki, ta kama hannun 'yarta. Da suka zo kogi, ta fara haye da yarinyar, ta juyo ɗaukar jakin, sai ruwa ya ƙaru ya tafi da shi da kayan. Babu gari kusa. Yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta kwanta. Uwar ta ɗauke ta, sai ta ji wani abu mai tauri a ƙugunta. Ashe tsohuwar gidansu ce ta ɗaure mata ɗan ƙullin gumba a ƙarƙashin riga. Shi ya kai su gari.

Washegari kuwa kowane yaro da zai yi tafiya sai Dada ta ɗaura masa irin ƙullin nan, duk da akwai guzuri a jaka. Muna ƙorafi yana sukar mu. "Jaka tana da tata tafiyar," in ji ta. "Na jikinka ne naka."

Dada ta daɗe da rasuwa. 'Yata Hajara tana da ciwon suga tun tana ƙarama. Idan an yi mata allura da safe, dole ta ci abinci a kan lokaci, in ba haka ba sukarin jininta ya faɗi ta suma. Daminar bara muka kama hanyar Yola ganin likitanta. Matata Jummai ta shirya ayaba, dafaffen ƙwai da dankali a jaka, direba ya cusa ta a but ɗin mota ƙarƙashin buhuna.

A tsakiyar daji muka tarar ruwa ya cinye kwalbati. Direba ya ce mu haye da ƙafa, samari za su biyo mu da kaya. Mun haye ke nan ruwan ya ƙaru, babu wanda ya yarda ya sake shiga. Muna hangen motar, ba mu da ikon kai wa gare ta.

Rana ta take. Hajara ta fara gumi, ta daina amsa sunanta da kyau. Na bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Kowa kayansa na can ƙetare. Wani dattijo ya miƙo mini goro, shi ke nan abin da yake da shi. Jummai ta nufi ruwan za ta shiga, mata suka riƙe ta.

Na durƙusa na ɗaga rigar Hajara. Da safe na maƙale mata irin ƙullin Dada da fil, Jummai tana yi mini dariya wai ni da al'adar tsofaffi. Dabino ne da gumba. Har lokacin tana iya haɗiya. Na murje dabinon ina sa mata kaɗan-kaɗan, ina kiran sunanta. Can ta buɗe ido sosai ta ce fil ɗin yana sukarta.

Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a ji maganar manya. Yanzu na gane Dada tsoro take ji, tsoron ranar da yaro zai ji yunwa ba ta kusa. Tun daga tafiyar nan, Jummai ce take ɗaura ƙullin da kanta, kuma sai ta shafa shi kafin mu shiga mota.