Kan Nevyana da Kan Mijinta

In ciwon zai taso wa Nevyana, gishiri ne yake fara ɓace mata a harshe. Babu wanda ya taɓa lura, don hannunta ya san awo, banitsa, wato burodi mai cuku da take gasawa a shagon unguwarsu a Plovdiv ba ta canza ɗanɗano. Can bayan 'yan kwanaki sai ta kasa tashi daga gado.

Ta ba hamsin baya. A gidan burodi ta girma, a nan kuma ta haɗu da mijinta Blagoy, lokacin yana aiki a masana'antar takalma. Likitoci sun ce ciwon damuwa ne ke damunta. Blagoy kuwa lalaci yake kiransa.

"Ciwon da ba jini, ba kumburi? Tashi, tsohuwa, ƙullun burodin nan ba zai murza kansa ba."

Shi ya sa da ta ji masu bincike suna neman irinta don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta ba da kanta. Hoto take so ta ajiye masa kusa da kwanon miyarsa, ya gani da idonsa. Ya raka ta, wai don ya ga ƙarshen wasan.

Ta cire 'yan kunne, ta kwanta cikin na'urar ɗaukar hoton, wadda ke ta ƙara kamar maƙera. Da ta fito, Likita Teodora, yarinya sa'ar 'yarta, ta nuna mata hoton.

"Ina wurin da ya lalace?" in ji Nevyana.

"Inna, hoton mutum ɗaya ba ya nuna wannan. Sai an tara na ɗaruruwa, masu ciwon da marasa shi, sannan a ga wani sashe mai riƙe tuni ya ɗan ƙanƙance a wajen masu ciwon. Naki, in an ware shi, kai ne kamar na kowa."

Blagoy ya bugi cinya. "Ba na faɗa ba? Lafiyarta ƙalau!"

"Ban ce haka ba, Baba. Amma tunda ka zo, muna ƙarancin lafiyayyun maza sa'o'inka da za mu gwada da su."

"Sa ni ciki, 'yata, ku ga kan namiji."

Ta ce sai ta yi masa tambayoyi tukuna. Ƙarfe a jiki? Babu. Ya taɓa yin makonni ba barci, ba cin abinci, ba ya son ganin kowa?

"Wannan ai shekarar da aka rufe masana'anta ce. Kowa ya yi haka."

"Har tsawon yaushe?"

Nevyana ce ta amsa, idonta a ƙasa. "Daga girbin inabi har ƙanƙara ta narke. Ni nake masa aski a kan gado."

Likitar ta ce, cikin ladabi, ba za ta iya sa shi cikin lafiyayyu ba. In yana so, akwai wuri a ɗaya rukunin.

Suka hau motar haya zuwa gida. Sun kusa sauka ya ce, yana kallon taga, "Naki ma haka yake yi? Kamar an ɗora miki buhun siminti a ƙirji?"

"Haka."

Ya gyaɗa kai. Da suka isa gida ta jiƙa wake don miyar gobe.