Ƙullin Da Na Gani A Hannun Ƙanina

Edita da masu karatu, assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuto wannan labari. Tsorona kada ya zama na ci naman ɗan'uwana, domin wanda zan yi magana a kansa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Sai da na tambayi malamin unguwarmu, ya ce in ban kama suna ba, kuma mai abin ya yarda, babu laifi. Na tambayi mai abin, ya yarda. Duk da haka na koma wurin malamin na sake tambaya, har ya ce in tashi in ba shi wuri.

A lokacin ni mahauci ne a Bungudu, ina da teburin nama a kasuwa, sana'ar da muka gada. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da aka san ni da shi waswasi ne. Ina iya wanke wuƙa in sake wankewa, in kulle ɗaki in dawo daga hanya don in taɓa kwaɗon. Abokan sana'a suna yi mani ba'a, wai in na yi alwala sai rijiya ta ja baya. Amma saboda wannan halin ne matan gari suke aikowa wurina, don sun san ba zan haɗa masu da naman jiya ba.

Ƙanina kuwa ɗan dambe ne, kuma ba ƙarami ba. Daga Rawayya zuwa Karakkai har cikin Gusau, in kaka ta yi aka buɗe fili, sunansa makaɗa suke fara kira. Ni nake ɗaure masa hannu. Ana rufe hannun da tsumma ne, sannan a naɗe shi da zaren da ake kira kara, a ja shi ya yi tauri. Al'ada ce kafin a shiga fili sarkin dambe ya taɓa hannun kowa, ya tabbatar ba a ɓoye wani mugun abu a ciki ba. To amma an daɗe da daina taɓa na ƙanina. Sarkin dambe yakan yi dariya ya ce hannun da mai waswasi ya ɗaure ai ya sha dubawa tun daga gida. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

Sai wani saurayi ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe, dogo, bahago. Karonsu na farko aka tashi babu kisa, wato babu wanda ya kai wani ƙasa. Ranar na ga ƙanina yana haki kamar tsohon bijimi, na kuma ji makaɗan da suka saba yi masa kirari sun koma bayan saurayin. Tun daga nan ya canza. Ba ya cin abinci sosai, kuma ya shiga yawo da wani abokinsa mai zaman tasha, irin mutanen da ba su taɓa yin dambe ba amma sun fi kowa sanin yadda ake yi.

Aka sa ranar karo na biyu a Gusau, bayan la'asar. Na ɗaure masa hannu kamar kullum. Da na gama sai ya ce zai zagaya ya kama ruwa, abokin nan ya bi shi da buta. Da suka dawo idona ya sauka a kan hannun. Ni a cikin tsintsiyar hannu nake tura ƙarshen zaren, amma wannan ƙullin a baya yake, kuma hannun ya ƙara kauri. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya harare ni ya ce, "Yaya, don Allah kada ka fara halin naka a gaban mutane." Na ƙyale shi ya shiga fili. Na ce wa kaina ai waswasi ne, wanda kowa yake yi mani dariya a kansa.

Ba a jima da farawa ba ƙanina ya sami saurayin a fuska. Naushi yakan kumbura wuri ne, amma wannan tsaga ya yi, daga gira har kunci, jini ya rufe idon. Saurayin ya durƙusa yana kiran sunan Allah. Mutanenmu suna ta ihu, sai kawun saurayin, wani dattijo, ya shigo fili ya riƙe hannun ƙanina gam, ya rantse ba zai saki ba sai an kwance a gaban jama'a. Sarkin dambe ya so ya hana, yana cewa ai an san wanda ya ɗaure, amma dattijon ya ƙi. Aka fara warware zaren. A ƙarƙashin zagaye na sama sai ga dakakkiyar kwalba an kwaɓa ta da ƙaro, tana ƙyalli, da jini da ɗan guntun fatar mutum manne a jiki. Ni da na tashi cikin jini da tumbi, ban taɓa amai a mahauta ba. Ranar na yi, a gaban kowa.

Ban gama goge bakina ba na ga duk idanu sun dawo kaina. Aka tambayi ƙanina, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai Yaya ne ya ɗaure masa kamar kullum. Wallahi aman da na yi bai kai ƙyamar da na ji da wannan magana ba. Bai yi ƙarya ba, amma ya san inda ya jefa ni.

Kafin mu isa Bungudu labari ya riga mu. Nama ya riƙa kwana a teburina. Mata suka ce wanda ya sa kwalba a hannu zai iya sa ta a nama. In na wuce sai in ji ana cewa ga mai kwalba nan. Ƙanina kuwa kullum yana zuwa ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya sa wannan hannun cikin tuwo, ya lashe yatsunsa. A kwano ɗaya muke ci tun muna yara, amma na kasa. Da na ga hannun ya nutsa cikin miya sai in miƙe in fita.

Inna ce ta tsare ni ta ce in gaya mata abin da ya raba ni da kwanon. Na gaya mata maganar ƙullin. Da ƙanina ya zo ya zauna, ya miƙa hannu, sai ta janye kwanon. Ta tambaye shi me ya sa a hannun nan. Ya fara kame-kame, wai abokinsa ne ya zuga shi, wai kowa yana da abin da yake sawa, wai Yaya mahauci ne, za a manta, amma shi sunansa ne abincinsa. Inna ta ce, "To shi ɗan mutane, idonsa ba abincinsa ba ne?" Ta ce ba za ta yi masa baki ba, amma hannun nan ba zai ƙara shiga kwanonta ba sai ya je ya faɗi abin da ya yi.

Ya yi fushi ya koma Gusau. Can ma bai sami abin da yake nema ba. Babu wanda ya yarda ya kara da shi, makaɗa suna ganinsa suke kau da kai, abokin nan kuwa ya ɓace. Dab da faɗuwar damina ya dawo a rame, ya same ni a kasuwa ya ce in raka shi Tsafe. Na ji tsoron hanya, na ji tsoron dukan da za a yi mana, amma na bi shi.

A zauren gidansu saurayin, gaban ubansa da kawun nan, ƙanina ya faɗi komai, har da cewa ni ban sani ba. Saurayin yana zaune, idon ya riga ya mutu. Bai zage shi ba. Cewa ya yi tun yana ƙarami yake hawa bango don ya ga dambensa, kuma saboda shi ya koyi ɗaura kara. Ƙanina ya fashe da kuka. Uban ya ce ya share hawayensa, ba su da amfani a gidan nan, domin wanda yake riƙe masa gona ne aka nakasa, yanzu ko rana ba ya iya jurewa. Ƙanina ya ce zai yi noman. Uban ya ce ya yi, maganar yafiya kuwa sai ya ga hatsi a rumbu tukuna.

Ƙanina ya yi masu noman damina biyu. Ya kuma tsaya a kasuwar Bungudu ya faɗi gaskiya da bakinsa. Wasu masu sayen namana sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. An hana shi shiga fili har abada, bai kuma roƙi kowa ba. Yanzu dako yake yi a tasha a Gusau. Sunan mai kwalba ya koma kansa, kuma in an kira shi da shi yakan amsa. Mun koma ci a kwano ɗaya, amma ba zan yi ƙarya ba, har yanzu idona yana bin hannun.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya zubar da sunan da ya daɗe yana ginawa don tsoron faɗuwa ɗaya, alhali faɗuwa a fili ba abin kunya ba ce. Ina jan kunnen samari masu wasa, kowane iri ne, su guji masu raɗa masu gajeriyar hanya. Masu kula da fili kuma su taɓa hannun kowa, ko waye ya ɗaure shi. Yardar da aka yi da ni ita aka ɓoye kwalbar a ƙarƙashinta.

Ga dalilin rubutuna. Kafin damina ta uku 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, mutanen suka watse, uban kuma bai riga ya furta ya yafe ba. Ƙanina ya je Tsafe ya yi ta cigiya, wasu sun ce sun yi Gusau, wasu sun ce sun bar jihar. Don Allah duk wanda ya san wani dogon bahago mai tabo daga girar dama zuwa kunci, ido ɗaya a rufe, ya sanar da edita. Wanda kuma ya san ko likitoci suna iya yi wa irin wannan idon wani abu bayan shekaru, ya taimaka ya faɗa mana. Fartanyar ƙanina tana nan rataye a ɗakin Inna, ya ce akwai noman da bai gama ba.